Yadda Ake Rainon Furen Wardi a Tukunya a Garin Katsina

Da yawa daga cikin waɗanda suka taɓa sayen dashen wardi a Katsina labarinsu iri ɗaya ne. Mutum zai gan shi a wurin masu lambun furanni na bakin titi ya yi ja wur, ya biya kuɗi ya kawo shi gida a cikin baƙar ledarsa, ya ajiye a tsakar gida a kan siminti, ya riƙa ba shi ruwa safe da yamma, amma kafin hadarin farko ya haɗu sai ganyen ya ƙone, rassan su yi baƙi tun daga sama har gindi. Daga nan sai a yanke hukuncin cewa wardi furen ƙasashen sanyi ne, ƙasarmu ba ta karɓarsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba.

Wardi ya fi sakewa idan zafin gari yana tsakanin digiri 15 zuwa 28. Shi ya sa yake yi sosai a Jos, wadda ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da Ɗa'if ta ƙasar Saudiyya, inda ake tatsar turaren wardin da alhazai ke tsaraba da shi, da kewayen tafkin Naibasha na Kenya, inda ake noma shi ana kaiwa kasuwannin Turai. Duk waɗannan wurare tsayin ƙasa ne ya ba su sanyi. Katsina ba ta da wannan tsayi, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafinta yakan haura digiri 40. Abin da muke da shi shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare ke sanyi rana kuma ta sassauta, kuma wannan ne kakar wardi a wurinmu. Saboda haka aikin mai wardi a nan kashi uku ne: ya shirya shi ya yi fure a hunturu, ya tsallakar da shi bazara da ransa, ya kare shi daga ruɓa a damina. Bayanan da ake rubutawa don mutanen Turai suna cewa a datse wardi a watan Maris, to wanda ya bi wannan a Katsina ya yi wa shukarsa aski ne a daidai bakin wuta.

Sanin abin da za a saya, da lokacin sayensa

Masu lambu sun fi kiransa ros, kuma a ƙarƙashin wannan suna sukan sayar da abubuwan da ba su da dangantaka da wardi. Babba daga ciki ita ce kariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan wardin hamada. Kariya tana da kyau kuma ba ta jin fari, amma danginta daban ne, kulawarta daban, sannan ruwan jikinta guba ne da ya kamata a nesanta shi da yara. Wardi na ainihi ana gane shi da ƙaya a jikin reshe, da kuma ganyensa wanda ke zuwa biyar biyar, wani lokaci uku ko bakwai, a kan sili ɗaya, kowanne bakinsa da ƙananan haƙora kamar na zarto.

A cikin wardin kansa akwai mai babban fure guda ɗaya a kan dogon reshe, irin wanda ake gani a hotuna, akwai mai fitar da furanni tuli a reshe ɗaya, akwai ɗan ƙarami wanda tsayinsa bai wuce kamu ɗaya ba, akwai kuma mai yaɗo da ke hawa katanga. Mai babban furen shi ya fi jan ido, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa a zafinmu. Wanda zai fara, shawarata gare shi ita ce ya fara da mai furanni tuli ko ɗan ƙaramin, ko kuma, abin da ya fi duka, ya nemi reshe daga wardin da ya riga ya shekara uku ko huɗu a wani gida a cikin gari. Irin wannan ya riga ya ga bazarar Katsina ya tsira, ko da furensa bai kai na hoto girma ba. Mai yaɗo yana bukatar wuri fiye da abin da tukunya za ta ba shi, gara a bar shi ga mai fili.

Idan an je saye, kada furen da ke kai ya ɗauke hankali. A duba rassa, a zaɓi mai ƙwaƙƙwaran reshe biyu ko uku kore shar, wanda ba shi da baƙin tabo ko tsagewa. A juya ganyen a duba bayansa, domin a nan ƙwari ke ɓuya. A ɗaga ledar a ga ƙasanta: idan saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai da aka fizge ta, dashen zai sha wahala kafin ya farfaɗo. A kuma tambayi mai lambu ko kwanan nan aka kawo shi daga Jos, domin wanda bai yi sati biyu a garin ba bai san ranarmu ba tukuna, kuma sai an bi shi a hankali. Abu na ƙarshe shi ne a gane ko mai aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro, ko kuwa daga reshe aka tayar da shi. Mai aure yana da wani ƙulli a gindinsa inda aka haɗa iri biyu, kuma wannan ƙulli zai sake shigowa cikin bayani a wajen dashe da wajen aski.

Irin da ake tallatawa a intanet da hotunan wardi shuɗi ko mai launin bakan gizo asarar kuɗi ne. Wardi ba ya yin shuɗi a halittarsa. Ko wanda kamfanin Suntory na Japan ya sanar a shekarar 2004 bayan an sauya masa ƙwayoyin halitta, launinsa ya fi kusa da shunayya mai haske.

Lokacin dashe mafi dacewa shi ne daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, domin shukar ta samu wata huɗu tana kafa saiwa kafin zafi ya shigo. Ana iya dasawa a Yuli idan damina ta zauna. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, ko kyauta aka bayar, a roƙi mai shi ya ci gaba da riƙewa.

Tukunya

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Ganyen wardi yana iya jure rana mai zafi matuƙar saiwarsa tana cikin sanyi tana kuma samun ruwa. Shukar da ke ƙasa saiwarta tana nutsawa ta gudu daga zafi, amma ta tukunya ba ta da wurin gudu, duk zafin da jikin tukunyar ya ɗauka a kanta yake ƙarewa. Baƙar roba idan rana ta doke ta da azahar sai ta yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kanta, ƙananan saiwoyin da ke manne da jikinta su dahu, kuma su ne masu shan ruwa. Shi ya sa za a ga wardi ya yi yaushi alhali ƙasarsa a jiƙe take, mai shi kuma ya ƙara masa ruwa, ya ƙarasa shi da ruɓa.

Tukunyar ƙasa ta maginanmu ita ce amsar wannan matsala, kuma dalilin shi ne dai wanda ya sa ruwan randa ke sanyi: jikinta yana tsattsafo, iska tana busar da shi, zafin ciki yana fita. A nemi mai faɗin baki da zurfi kimanin santimita 40 zuwa 45. Ɗan ƙaramin wardi santimita 30 ta ishe shi. Mai ƙunƙuntaccen wuya irin na tulu ba ta dace ba, domin ranar da za a sauya ƙasa sai an fasa ta kafin saiwar ta fito. Tsohuwar randa da ta tsage ta daina riƙe ruwa ta fi sabuwa amfani a wannan aiki. Idan za a ba magini aiki, a ce ya huda gindin tun tana ɗanya, huda uku ko huɗu masu faɗin yatsa. Idan kuwa gasasshiya ce, a jiƙa ta ta kwana, sannan a huda a hankali da ƙusa. Kada a shafa mata fentin mai, domin yana toshe ƙofofin da take numfashi da su.

Wanda bai samu ta ƙasa ba yana iya yanke jarka mai lita 25 wadda aka wanke sarai, ko ya yi amfani da bokitin fenti fari, ya huda gindin da yawa. Sai dai dole ya kare jikinsa daga rana, ko ta naɗe shi da buhun algarara, ko ta saka shi cikin wata tukunya da ta fi shi girma. Rabin duro na ƙarfe ya fi kowanne ɗaukar zafi. Kowace iri aka samu, a ɗora ta a kan bulo biyu ko uku, yadda ruwa zai fita, iska ta ratsa ƙarƙashi, zafin siminti kada ya hau, gara kuma kada ta samu hanya cikin sauƙi.

Wurin ajiyewa

Wardi yana son rana ta awa biyar zuwa shida kafin ya yi fure da kyau, amma a wurinmu ranar safe ake nufi. A nemi gefen da hantsi ke sauka, wanda inuwar ɗaki ko ta katanga ke rufewa daga azahar, wato gabashin gini. Jikin katangar da ke kallon yamma shi ne wuri mafi muni, domin tana tara zafin la'asar tana mayar wa shukar har bayan magariba. Cikakkiyar inuwa a ƙarƙashin bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, ita ma ba ta yi, shukar za ta miƙe siririya ba fure. A guji ƙarƙashin indararo, a kuma bar tazarar da iska za ta wuce tsakanin tukwane. Gidan da ke da awaki sai an yi shinge, domin ƙayar wardi ba ta hana akuya komai, kaji kuma suna tone ƙasar tukunya.

Haɗa ƙasa

Ƙasar yawancin unguwanninmu jigawa ce, ruwa yana wucewa ta cikinta kamar rariya, ba ta riƙe abinci. Ƙasar fadama kuma idan ita kaɗai aka zuba a tukunya sai ta cure, ta bushe ta zama kamar tubali. Abin da ake so shi ne tsakiyar biyun. A auna da bokiti: biyu na ƙasar lambu ko ta fadama, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na ɓuntun shinkafa ko yashi mai tsakuwa. Idan ƙasar da aka samo mai rairayi ce sosai, a bar yashin a ƙara taki. A zuba dakakken gawayi cikin hannu biyu, a gauraya sosai. Gwajinta shi ne a jiƙa ta kaɗan a dunƙula a hannu: ta kama jikinta, amma da an taɓa ta da yatsa ta warwatse.

Takin shanu ko na awaki da tumaki duk suna yi, da sharaɗin ya ruɓe har ya yi baƙi, ya daina wari da ɗumi, abin da kan ɗauki wata uku ko fiye idan an tara shi ana jiƙawa ana juyawa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. Na kaji ya fi kowanne zafi. Na taɓa rasa tukunya biyu a sati ɗaya saboda na yi gaggawar zuba shi, ina ganin gata nake yi musu. Takin juji kuma yawanci cike yake da toka, toka kuwa tana kashe ɗan tsamin da wardi ke so a ƙasarsa, wanda a ma'aunin pH yake tsakanin 6 da 6.5. Haka nan kada a ɗebo ƙasa daga inda aka saba shuka tumatir ko kuɓewa, domin a nan ake samun ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle.

Dashen kansa

A yi shi da la'asar sakaliya. Tun da safe a ba dashen ruwa a cikin ledarsa, sabuwar tukunyar ƙasa kuma a jiƙa ta, don kada ta tsotse ruwan shukar. A kifa tsingaro a kan kowace huda yadda ƙasa ba za ta toshe ta ba. Cika gindin tukunya da tsakuwa, kamar yadda aka saba, ba ya ƙara fitar ruwa, rage wa saiwa wuri kawai yake yi. A zuba ƙasa zuwa rabi, a tsaga ledar da reza maimakon a jawo shukar ta wuya, a ɗauke ta da ƙasarta gaba ɗaya a zaunar a tsakiya. Idan saiwar ta nannaɗe kanta a ƙasa, a ɗan warware ta da yatsa. A cika gefe da gefe ana dannawa a hankali, har ƙasar ta kai daidai inda take a leda. Mai aure a bar ƙullinsa a sama da ƙasa da kamar yatsa biyu. A bar sarari na yatsa uku tsakanin ƙasa da bakin tukunya, domin nan ne mazaunin ruwa.

Sai a ba shi ruwa har ya ɗiga ta ƙasa, a rufe saman da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganyen bedi mai kaurin yatsa biyu, amma kada ya taɓa jikin karan. A bar shi a inuwa mai haske kwana biyar zuwa bakwai, sannan a riƙa matso da shi rana a hankali. Akwai wani abu mai ɗaci da ya kamata a daure a yi: a cire duk furen da ya zo da shi da wanda bai buɗe ba, don ƙarfinsa ya koma ga saiwa. Kada a ba shi takin zamani sai bayan wata guda, idan an ga sabon toho mai jaja-jaja ya fito.

Ban ruwa

Babu adadin kwanaki da zai dace da duk shekara, yatsa ne alƙali. A nutsa shi cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. Idan an ji bushewa a ba shi ruwa, idan da danshi a ƙyale shi. A hunturu yakan zama kullum ko bayan kwana ɗaya, domin iskar lokacin tana busar da tukunyar ƙasa fiye da yadda ake zato. A bazara sai an ba shi da sassafe, lita biyu zuwa uku, sau da yawa kuma a ƙara da yamma. A damina ana iya yin sati ba a ɗauki buta ba. Duk lokacin da za a ba shi, a zuba a gindi a hankali har ya fito ta ƙasa, domin yayyafin da ke jiƙa sama kawai yana sa saiwa ta taru a sama inda zafi ya fi yawa.

Ruwan da ya wuni a tankin saman rufi yakan yi zafi sosai, sai a tara shi a bokiti ya huce. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai omo ko sabulu ba ya yi, amma ruwan alwala da aka tara a daro, ko wanda aka wanke shinkafa da shi, babu laifi, kuma wannan sauƙi ne ga gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Wasu rijiyoyi da burtsatse ruwansu yana da kanwa-kanwa, alamarsa ita ce farin ɓawo a bakin tukunya, da sabon ganye ya yi rawaya alhali jijiyoyinsa na nan kore. Idan an ga haka, sau ɗaya a wata a kwarara wa tukunyar ruwa mai yawa ya wanke gishirin ya fita, a kankare farin, a ƙara ruɓaɓɓen taki, kuma a tara ruwan sama gwargwadon iko, don babu ruwan da ya kai shi.

Abinci

Ƙasar tukunya kaɗan ce, ban ruwa kuma yana wanke abincinta, don haka sai an riƙa mayarwa. Kowane wata biyu a zuba ruɓaɓɓen taki cikin hannu biyu a sama, a ɗan cuɗa shi da ƙasar. Daga Oktoba zuwa Fabrairu, da kuma Yuli da Agusta, a ƙara da NPK 15-15-15, cokalin shayi ɗaya ga babbar tukunya bayan kowane sati uku ko huɗu, a barbaɗa a kewayen bakin tukunyar nesa da kara, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bi shi da ruwa. Yuriya ganye take sawa ba fure ba, kuma laushin ganyen da take kawowa shi ne abincin darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan sabon ganye. Daga Maris har ruwa ya sauka a ajiye takin zamani gaba ɗaya.

Aski

Babban aski sau ɗaya ake yinsa a shekara, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ga shukar da ta shekara a tukunyarta. Wardi yakan yi fure kimanin kwana 45 zuwa 60 bayan an datse shi, wato wanda aka yi wa aski a wannan lokaci furensa zai faɗo a tsakiyar sanyin Disamba da Janairu, inda yake fin girma, launinsa ya fi turuwa, ya kuma daɗe a kan reshe.

A samu almakashin lambu mai kaifi, a goge bakinsa da sifirit kafin a fara da kuma tsakanin shuka da shuka. A fara da cire busasshen reshe da mai baƙi, ana yankawa har sai an ga tsakiyar karan fari tas. Sai a cire siraran da ba su kai kaurin fensir ba, da waɗanda suka gitta juna ko suka juya ciki. A bar manya uku zuwa biyar, a rage musu kashi ɗaya cikin uku, iyaka rabi. Kowane yanka a yi shi a karkace, kamar rabin santimita sama da ido, wato ɗan kumburin da ke hammatar ganye, kuma a zaɓi idon da ke kallon waje, domin inda ido ya kalla nan sabon reshe zai nufa, ana kuma so tsakiyar shukar ta zama a buɗe kamar ƙwarya. Idan mai aure ne aka ga reshe ya fito daga ƙasan ƙulli, yana girma da sauri fiye da sauran, wannan na uwar gindin ne. A cire shi tun daga tushensa, in ba haka ba zai cinye abincin ya kashe irin da aka saya.

Ban da wannan akwai ƙaramin aski na kullum. Duk furen da ya fara zubar da kunnuwansa a yanke shi, a gangaro zuwa ganye na farko mai biyar a yanka a samansa. Idan an bar shi zai koma yin 'ya'ya, ya rage fure.

Tsallake bazara da damina

Daga Maris a daina sa ran fure mai kyau. Wanda zai fito ƙarami ne, kuma rana tana ƙona shi a wuni ɗaya, don haka gara a riƙa tsinke shi tun yana ƙunshe. A matsar da tukwanen inda rana za ta bar su tun ƙarfe goma sha ɗaya, ko a yi musu rumfar zana ko asabari wadda haske ke ratsawa. A tara su wuri ɗaya su riƙa yi wa juna inuwa, a ƙara kaurin abin da aka rufe ƙasa da shi, a jiƙa jikin tukunyar da daɓen da ke kewaye da rana tsaka. Ganyen da bakinsa ya ƙone a bar shi, domin yana kare kara daga ƙuna.

Hadarin farkon damina yana zuwa da iska mai kayar da tukwane, sai a raɓa su da katanga. Idan ruwa ya zauna, musamman a Agusta, a duba hudojin kada su toshe, a kuma cire duk wani faranti da aka sa a ƙarƙashi, domin ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa yana kuma haifar da sauro.

Ƙwari da cututtuka

Babban abokin gaba a lokacin rani wani ɗan mitsitsin jan gizo-gizo ne da ke zama a bayan ganye. Ƙurar hunturu da bushewar iska su ne gatansa, alamarsa kuwa ganye ya yi ɗige-ɗige fari, ya dushe, a ga siririyar yana, daga baya ya zube. Maganinsa mafi arha ruwa ne: sau biyu ko uku a sati, da sassafe, a wanke ganyen da feshi mai ɗan ƙarfi, musamman ta baya. Darɓa tana taruwa a kan sabon toho, ita ma ruwa yana kakkaɓe ta, ko a murje ta da yatsa. Idan abin ya yi yawa, a daka ƙwayar 'ya'yan bedi, gram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga ɗan sabulun ruwa, a fesa da yamma sau ɗaya a sati har sau uku.

A damina baƙin tabo ne ke kama ganye, ya kewaye shi da rawaya ya zubar. Ta jiƙaƙƙen ganye yake yaɗuwa, don haka a tsince duk wanda ya kamu da wanda ya faɗi a ƙone, a daina jiƙa ganye da yamma. A hunturu kuma akan ga wani farin gari kamar an barbaɗa fulawa a kan sabon ganye, shi ma a yanke wurin a ƙara wa shukar sarari. Fiya-fiya da makamantansa ba su da wuri a tsakar gidan da yara ke wasa. Kada kuma a ari injin feshin da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa, domin ɗan abin da ya rage a ciki ya isa ya murɗe ganyen wardi ya nakasa shi.

Tayar da sabo, da sauya ƙasa

Rassan da aka cire a askin Oktoba su ne irin baɗi. A zaɓi mai kaurin fensir wanda ya riga ya yi fure, a yanka shi tsawon santimita 15 zuwa 20 da ido uku ko huɗu, yankan ƙasa ya zama dab da ido. A cire ganyen sai biyu na sama, a soka rabinsa cikin yashi da aka gauraya da ɗan ɓuntu, a cikin ledar fiya wata da aka huda. A kifa masa gorar roba da aka yanke gindinta, a ajiye a inuwa, a riƙe yashin da danshi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba. Saiwa takan fito cikin sati huɗu zuwa takwas. Toho yakan riga saiwa fitowa, don haka kada a ɗauka ya kama a yi ta jan sa ana dubawa. A soka goma, domin ba duka za su yi ba. Dabarar soka reshe cikin dankali da ake yaɗawa a waya, dankalin ne yakan tsiro ko ya ruɓe.

Bayan shekara biyu ƙasar tukunya takan gaji, a ga ruwa yana wucewa nan take, fure yana ƙanƙancewa. A lokacin askin Oktoba a kwantar da tukunyar a zaro shukar, a kakkaɓe kashi ɗaya cikin uku na tsohuwar ƙasa, a datse saiwar da ta mutu ko ta nannaɗe, a mayar da ita cikin sabon haɗi.

Wanda ke son furen a ɗaki ya yanke shi bayan asuba, lokacin da ya fara buɗe baki, ya tsoma karan cikin ruwa nan take, ya cire ganyen da zai nutse, ya riƙa sauya ruwan kullum yana ɗan rage gindin karan. A shekarar farko a yanka da gajeren kara, don kada a raba shukar da ganyenta. Kunnuwan mai ƙamshi kuwa ana baza su a faifai a inuwa kwana uku ko huɗu, iskar hunturu ta busar da su, a adana a kwalba don turaren wuta ko shayi, amma na shayi sai daga shukar da ba a taɓa fesa wa maganin ƙwari na kanti ba.